Jijiyar Mamaci A Ƙafar Mai Rai

A cibiyoyin adana sassan jikin ɗan Adam da ke Amurka da Turai akwai wasu manyan tukwanen ƙarfe waɗanda idan aka ɗaga murfinsu farin tururi mai sanyi ke tasowa. Daga cikin abubuwan da ke ajiye a ciki akwai jijiyoyin jini da aka ciro daga ƙafafun mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, aka wanke su, aka auna tsawonsu da faɗinsu, aka daskarar da su cikin sanyin da babu irinsa a ko'ina a doron ƙasa. Suna nan wata da watanni, wani lokaci shekaru, har ranar da likitan tiyata zai aiko cewa yana da majinyacin da ƙafarsa ke gab da mutuwa, kuma babu jijiyar da zai ɗinka masa daga jikinsa.

Na ga dacewar kawo wannan batu shafin nan saboda dalilai biyu. Na farko, cutar da ke kai mutum ga buƙatar irin wannan jijiya tana ƙaruwa a tsakaninmu, wato ciwon suga da toshewar hanyoyin jini da ke biyo bayansa. Na biyu, duk aikin da ya haɗa gawa da mai rai yana taɓa addini da al'ada da doka, kuma gara a fahimce shi tun ana zaune lafiya, kafin ranar da za a ce wa iyali su yanke shawara cikin sa'o'i kaɗan.

Jijiya biyu, aiki biyu

Da Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, jijiya, alhali hanyoyin jini manya iri biyu ne. Akwai jijiyar kai jini, wadda ke ɗauko shi daga zuciya zuwa gaɓoɓi. Bangonta mai kauri ne, domin jinin da ke cikinta da ƙarfi yake tafiya, kuma ita ce ake jin bugunta a wuyan hannu. Akwai kuma jijiyar dawo da jini, wadda ke mayar da shi zuciya a hankali. Bangonta siriri ne, kuma a cikinta akwai ƙananan bawul da ke hana jini komawa ƙasa idan mutum yana tsaye.

Jijiyar kai jini ita ce ke toshewa idan kitse da wani abu mai tauri kamar alli suka taru a bangonta. Ciwon suga, shan taba, hawan jini, yawan kitse a jini da tsufa su ne manyan masu haddasa wannan. A ƙafa, alamar farko ita ce ciwo a sha-raɓa idan an yi 'yar tafiya, wanda ke lafawa da an tsaya an huta. Idan abin ya yi nisa, sai ciwon ya riƙa tashin mutum cikin dare, ba ya samun sauƙi sai ya sauko da ƙafar daga kan gado. Daga nan sai gyambon da ya ƙi warkewa, sai yatsa ya yi baƙi, sai a fara zancen yanke ƙafa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ceto shi ne a yi wa jinin hanyar kewaye, kamar titin baifas da ake yi wa gari idan cunkoso ya hana motoci wucewa ta tsakiya. Likita zai ɗinka bututu a saman wurin da ya toshe, ya bi da shi ta gefe, ya sake ɗinka shi a ƙasan toshewar. Tambayar da ta fi shekara ɗari tana damun likitoci ita ce: da me za a yi bututun?

Yadda aka iso nan

Wanda ya fara koya wa duniya ɗinkin jijiyar jini ba tare da ta toshe ba shi ne Alexis Carrel, Bafaranshen da ya yi aiki a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York, aka ba shi kyautar Nobel a 1912. Tun a wancan lokacin ya gwada ajiye jijiyoyin dabbobi cikin sanyi na kwanaki, sannan ya dasa su a jikin wasu dabbobin. Ke nan tunanin ajiyar jijiya tsoho ne.

A 1948 wani likita a birnin Faris, Jean Kunlin, ya ciro doguwar jijiyar dawo da jini daga ƙafar majinyaci, ya yi masa baifas da ita a ƙafa. Wannan jijiya, wadda Larabawa ke kira assafin, likitocin Turai kuma safena, ita ce mafi tsawo a jikin mutum. Tana tasowa daga idon sawu ta ɓangaren ciki, ta bi ƙwauri da cinya har matsematsi. Ƙafa tana iya rayuwa ba tare da ita ba, domin akwai wasu jijiyoyin can ciki da ke ɗaukar mafi yawan aikin. Saboda bawul ɗin da ke cikinta, akan juya ta, kai ya koma ƙasa, domin jini ya samu wucewa. Bayan an dasa ta, bangonta yakan yi kauri a hankali har ta saba da ƙarfin jinin da ba a halicce ta dominsa ba. Da ita ce kuma René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina, ya yi baifas ɗin zuciya a Asibitin Cleveland na Amurka a 1967, aikin da ya zama ruwan dare a yau.

A gefe guda, wasu likitocin sun koma ga jikin mamata. A 1951 Charles Dubost, shi ma a Faris, ya cire kumburarren sashe na babbar jijiyar ciki ta wani majinyaci, ya maye gurbinsa da jijiyar mamaci da aka adana. An yi murna, an buɗe wuraren ajiyar jijiyoyi, amma da shekaru suka tura sai aka ga da yawa daga cikinsu suna lalacewa a cikin jiki. Kafin ƙarshen shekarun 1950 bututun yadin Dacron ya karɓe kasuwa, daga baya kuma na roba irin Gore-Tex ya shigo a shekarun 1970.

Bututun roba yana aiki sosai a manyan jijiyoyi, inda jini ke kwarara da yawa. Amma ƙasan gwiwa, inda hanyoyin suke sirara kuma nan ne ciwon suga ya fi yin ɓarna, yana saurin toshewa. Har gobe babu abin da ya kai jijiyar mutum ta kansa. Wani babban gwaji da aka yi wa laƙabi da BEST-CLI, wanda ya ƙunshi majinyata 1,830 kuma aka buga sakamakonsa a 2022, ya nuna cewa masu lafiyayyar safena da aka yi musu baifas da ita sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka buɗe musu toshewar ta cikin jijiya da waya da balan-balan. Hausawa sun riga sun faɗa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Idan gatarin babu fa?

Ba kowa ke da wannan jijiya a lokacin da ake nemanta ba. Wani an riga an cire ta an yi masa aikin zuciya, wani an yi baifas na farko da ita ya toshe, wani tasa ta kumbura ta nannaɗe, wani kuma siririya ce ba ta isa komai ba. Likita yakan nemi ta ɗaya ƙafar, ko ta bayan sha-raɓa, ko ya harhaɗa guntayen na hannu. Idan duk aka rasa, a nan ne ake tuna tukwanen nan masu tururi.

Abin da ya bambanta ajiyar yau da ta zamanin Dubost shi ne ilimin daskararwa. Idan aka sa nama cikin firiza, ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa yakan zama ƙanƙara mai tsini kamar allura, ta huda su. A 1949 masu bincike uku a Landan, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes, sun gano cewa sinadarin giliserol yana kare maniyyin zakara daga wannan ɓarna. A 1959 aka gano wani sinadarin mai suna DMSO yana yin irin wannan aiki, kuma shi aka fi amfani da shi ga jijiyoyi.

Ga yadda aikin ke gudana. Bayan an samu izinin mamacin tun yana raye ko na iyalinsa, akan ciro jijiyar cikin kwana ɗaya da rasuwa, a ɗaki mai tsafta irin na tiyata. Akan binciki tarihin lafiyarsa, a gwada jininsa ko akwai cutar ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da sauran cututtukan da ake ɗauka. Sai a jiƙa jijiyar cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a ɗaure rassanta, a gwada ko tana yoyo, a saka ta cikin ruwan da ke ɗauke da DMSO. Na'ura ce ke sauke zafinta sannu a hankali, kimanin digiri ɗaya kowane minti. Daga nan a ajiye ta cikin tururin ruwan naitirojin. Shi wannan ruwa sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifiri, kuma a irin sanyin da yake bayarwa komai na ruɓewa ya tsaya cik. Ranar aiki akan narkar da ita cikin ruwa mai ɗumin jiki, a ɗauraye sinadarin, a miƙa wa likita. Kamfanin CryoLife na Jihar Jojiya, wanda aka kafa a 1984 kuma ya koma Artivion a 2022, yana cikin waɗanda suka shahara da wannan sana'a a Amurka. A Turai akwai bankin adana jijiyoyi da bawul ɗin zuciya a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam.

Abin da alƙaluma suka nuna

Wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka an samu mafita. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. Ɗaya daga cikin rahotannin da aka fi ambata a wannan fanni shi ne wanda Alik Farber da abokan aikinsa suka buga a 2003, bayan sun bi diddigin daskararrun jijiyoyi 240 da aka dasa a ƙafafu. Bayan shekara ɗaya, kashi 30 cikin 100 ne kawai ke buɗe ba tare da an sake taɓa su ba. Bayan shekara biyu suka koma kashi 18. Jijiyar mutum ta kansa kuwa, mafi yawanci takan ci gaba da aiki har bayan shekara biyar. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shimfiɗar da ke cikin jijiya, wadda ke hana jini yin guda, takan lalace wajen daskarewa da narkewa. Kuma sanyi ba ya goge alamun da garkuwar jiki ke gane baƙo da su. Jikin majinyaci yakan kai wa jijiyar hari, bangonta ya yi tabo ya tsuke, ko kuma ya yi rauni ya kumbura har ya kai ga fashewa. Magungunan danne garkuwa da ake ba wanda aka dasa wa ƙoda suna da haɗari ga tsohon da ke fama da suga da gyambo, saboda haka ba a saba ba da su a nan ba.

To me ya sa ba a watsar da ita ba? Amsar tana cikin wannan rahoton dai. Duk da toshewar jijiyoyin, kashi 80 cikin 100 na ƙafafun suna nan ba a yanke ba bayan shekara ɗaya, kashi 71 kuma bayan shekara biyu. Gyambo yana buƙatar jini mai yawa kafin ya warke, amma fatar da ta riga ta warke tana iya rayuwa da kaɗan. Idan jijiyar aro ta yi wata shida tana kai jini, rauni ya rufe, ƙananan hanyoyin gefe suka ƙara buɗewa, to ko ta toshe daga baya ta riga ta yi abin da aka kawo ta ta yi. Lokaci take saya wa ƙafa. A ganina da wannan ma'auni ya kamata a auna ta, domin abin da ke gaban majinyaci shi ne ko zai taka da ƙafarsa zuwa masallaci ko kasuwa, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna kusan rabin waɗanda aka yanke wa ƙafa saboda toshewar jini ba sa kai shekara biyar a raye.

Akwai kuma inda ta fi roba nesa ba kusa ba, wato wurin da ƙwayoyin cuta suka riga suka kama. Idan bututun roba ya kamu, ƙwayoyin sukan manne masa yadda magani ba ya iya raba su, dole a cire shi. Saka sabuwar roba cikin mugunya maimaita matsala ne. Jijiyar ɗan Adam, ko ta aro ce, ta fi jure irin wannan wuri.

Sai dai akwai farashi. Jijiya guda ɗaya tana cin dubban daloli. Mai wankin ƙoda da aka saka masa ita a hannu yana iya samun garkuwar da za ta ƙi ƙodar da yake jira, dashen ya ƙara yi masa wuya. Haɗarin ɗaukar cuta kaɗan ne amma yana nan: a 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta umarci wani babban kamfani ya janye sassan jikin da ya rarraba bayan an samu majinyatan da suka kamu da cuta. Idan haka ta faru a inda sa ido yake da ƙarfi, mai karatu ya ƙiyasta abin da zai faru a inda yake da rauni. Masu bincike ma ba su tsaya nan ba. A Disamban 2024 wannan hukumar ta amince da wata jijiya da kamfanin Humacyte ke rainonta a ɗakin gwaji daga ƙwayoyin jikin mutum, sannan a wanke ƙwayoyin a bar gangar jijiyar, domin gyaran jijiyoyin hannu da ƙafa da rauni ya yanke.

Gawa, shari'a da doka

Ga Musulmi tambaya ta farko ita ce halasci. A zamanta na Jidda a 1988, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci a dasa wa mai rai idan rayuwarsa ko wani muhimmin aiki na jikinsa ya dogara da hakan, bisa sharaɗin izinin mamacin kafin rasuwarsa ko na magadansa, ko na hukuma idan ba a san shi ba. Ta kuma haramta sayar da sassan jiki. Akwai malaman da ba su yarda ba, suna kafa hujja da alfarmar gawa, kuma saɓaninsu abin girmamawa ne. A ɓangaren Kirista, Cocin Katolika tana ƙarfafa irin wannan kyauta bayan mutuwa. A Najeriya kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta izini, ta hana ciniki da sassan jiki, ta kuma ba mutum damar yin wasiyya da su.

Duk da haka, kusan dukkan dashen ƙodar da ake yi a ƙasar nan, har da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ya fara tun 2002, daga masu rai ake karɓa. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza. Wanda ya rasu da asuba sau da yawa kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ga kuma tsoron masu fataucin sassan jiki, wanda ba za a ce ba shi da tushe ba. Daskararwar kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin masu binciken dabbobi a Shika kusa da Zariya sun daɗe suna ajiye maniyyin bijimai cikin ruwan naitirojin. Abin da ya fi tukunya wuyar samu shi ne amana: iyali su tabbata ba za a wulaƙanta gawarsu ba, ba za a sayar ba, ba kuma za a jinkirta musu sutura ba. Wannan tattaunawa ce da ya kamata malamai da likitoci da masu doka su fara a bainar jama'a, da Hausa, tun yanzu.

Me ya fi cancanta mu fara da shi?

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu ba su sani ba, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 55 nan da 2045. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki bankin jijiya a matsayin matakin farko. Darasin da tarihin jijiyar aro ya koyar shi ne darajar jijiyar da Allah Ya riga Ya ajiye wa kusan kowa a ƙafarsa, kyauta, ba ta buƙatar naitirojin, jiki kuma ba ya ƙin ta. Amfaninta yana rataye ne da abu biyu: majinyaci ya zo tun akwai ƙafar da za a ceta, kuma ya tarar da likitan da ya iya ɗinkin.

Na farkon bai fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma ba. Da abin awon hawan jini da 'yar na'urar sauraron bugun jijiya mai batir, ma'aikacin lafiya zai iya kwatanta ƙarfin jinin idon sawu da na hannu. Idan sakamakon ya gaza 0.9, akwai alamar toshewa. Mai ciwon suga ya cire takalmi a duba masa ƙafa duk zuwansa asibiti, ya riƙa duba tsakanin yatsunsa kullum, alwala ma dama ce ta yin haka sau biyar a rana. Ya guji yawo ba takalmi, ya guji gasa ƙafa a wuta lokacin sanyi, domin ƙafar da ta daina jin zafi tana ƙonewa ba ta sani ba. Gyambon da ya yi mako biyu bai nuna alamar warkewa ba na asibiti ne. Mai shan taba kuma ya sani babu jijiyar da za a dasa masa, tasa ko ta aro, da taba ba za ta rage mata kwana ba.

Na biyun aikin gwamnati ne da jami'o'i: horar da likitocin tiyatar jijiyoyin jini, samar da na'urorin hoton jijiya a asibitocin koyarwa, da sanya wannan aiki cikin inshorar lafiya, domin kada talaka ya zaɓi yankewa saboda ita ce mai araha. Idan an yi waɗannan, za a wayi gari da ragowar majinyata ƙalilan da babu abin da zai cece su sai jijiyar wani. Domin su ne ya kamata a ce doka ta zauna, fatawa ta fito fili, amana ta ginu, yadda wanda ya yi niyyar barin wannan sadaka a bayansa zai samu inda zai bar ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu.